Zakiyyu da Ruwan Zartsi

A duk faɗin Likoro, in aka fara maganar noman tumatir, ba a yin nisa sai an ambaci Zakiyyu. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya ƙyuya, ba ya cin haƙƙin kowa, ga hannu mai albarka. Fadamarsa ce take fara nuna kowace shekara, kuma dillalai daga Hunkuyi har rige-rige suke yi su iso masa da kwanduna. Sai dai yana da aibi guda ɗaya wanda ya zame masa jiki tun yana saurayi. Zakiyyu ba ya tambaya. Ko hanya ya ɓata, gara ya yi ta zagaye a kan babur har mai ya ƙare da ya tsaya ya ce wa wani, "Don Allah ina ne wuri kaza?" In kuwa ka ɗauko masa bayani, kafin ka kai rabi zai ɗaga maka hannu ya ce ai ya riga ya sani.

Ni Mero da nake ba ku labarin nan taubashiyarsa ce. Mahaifiyarsa gwaggona ce, saboda haka bawana ne halak malak, kuma duk garin nan ni kaɗai nake gaya masa magana son raina ya yi dariya. Na sha ce masa, "Kai bawana, wannan taurin kan naka wata rana sai ya kwana da kai a waje." Sai ya ce, "Mero, je ki ji da tuwonki." Abin da zan faɗa muku daga bakinsa na ji shi, inda kuma ya tsallake, abokin tafiyarsa Ikrima ya cike mini ta waya.

Wata shekara ana tsakiyar damina, labari ya zo daga Ikara. Wani attajiri mai harkar dabino ya dawo daga ƙasar Oman, ya ce wani Balarabe mai babbar gonar kayan lambu yana neman manoma biyu masu ƙwazo daga yankinmu. Ba tafiyar ɓoye ba ce irin ta masu bin sahara. Da fasfo, da biza, da wurin kwana, komai a fili. Kai! Ranar da aka sa za a zaɓi mutane, ƙofar gidan attajirin nan ta cika maƙil. Daga Janfalan, daga Makarfi, daga Kudan, kowa ya sha wanka ya zo. Aka yi ta yi musu tambayoyi, aka ji shaidar masu unguwanninsu. Da yamma aka kira sunaye biyu, Zakiyyu na Likoro, da Ikrima, wani saurayi daga Nasarawan Doya. Shi Ikrima manomin rake ne, bai taɓa dasa tumatir da sunan sana'a ba.

Zo ku ga murna a gidan gwaggona! Guɗa ta tashi tun kafin babur ɗin Zakiyyu ya gama tsayawa. Matarsa Ummuhani ta rasa inda za ta sa kanta, dariya take yi hawaye na zuba. Kafin takardu su fito ta daka yaji, ta ƙulla kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, har sai da aka ce mata jirgi ba motar kasuwa ba ce. Zakiyyu ya damƙa fadamarsa a hannun ƙanensa Musa. Kowace yamma yana majalisa yana cika baki.

"Larabawa za su ga noma," in ji shi. "Mutanen da ba su san damina ba, me suka sani a tumatir? Ai koya musu zan je in yi."

Ranar tafiya gwaggo ta kama hannunsa ta ce, "Zakiyyu, ƙasar mutane za ka. Abin da ba ka gane ba, ka tambaya. Ba wanda zai rage ka don ka tambaya."

Ya ce, "To, Inna." Amma ni da nake tsaye a gefe na san hankalinsa ya riga ya isa filin jirgi.

Daga Kano suka tashi bayan kaka. Tun a cikin jirgi halin kowa ya fito. Ikrima ya juya bel ɗin kujera, ya juya, bai gane kansa ba, sai ya kira ma'aikaciyar jirgi ta nuna masa. Zakiyyu kuwa ya riƙe bakin bel ɗin biyu da hannu ya lulluɓe da babbar riga, wai kada a ga bai iya ba. Da matar ta zo dubawa ta ɗaura masa, sai ya dubi Ikrima ya ce, "Da ma yanzu nake shirin ɗaurawa." Ikrima ya ce dariyar da ya danne a ranar ta kusa fasa masa ciki.

Suka sauka lafiya. Mota ta ɗauke su ta bi wani titi shimfiɗaɗɗe, duwatsu a hannu guda, teku a hannu guda. Mutanen da babban ruwan da suka sani shi ne dam, yau ga ruwa iya ganinka, ba gaɓa ba tsallake. Ikrima ya manna fuska a gilashi yana ta kabbara. Zakiyyu ma bai iya daurewa ba, ya ciro waya ya kira gida ta bidiyo, yana ihu, "Ummuhani, kin gani? Kira Inna ta gani! Kira Mero ta zo ta ga inda ubangidanta yake!" Na karɓi wayar na ce, "Bawa dai, ko a kan teku." Muka yi ta dariya, kuma wallahi a ranar na yi alfahari da shi.

A gonar suka tarar da ma'aikata daga ƙasashe daban-daban, 'yan Bangaladash, 'yan Fakistan, 'yan Masar. Wanda yake shugabantar aikin wani saurayi ne ɗan Sudan mai suna Ja'afar. Da ya buɗe baki ya ce musu, "Maraba da mutanen gida, kun sha hanya," sai suka tsaya sororo. Ashe kakanninsa Hausawa ne da suka tafi aikin hajji a ƙafa tun zamanin da, suka zauna a Sudan. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, tana gauraye da Larabci, amma ana gane ta sarai. Ikrima ya rungume shi kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Zakiyyu ma ya yi murna, sai dai ya ƙare masa kallo ya ga bai wuce sa'ar ƙanensa Musa ba, ya ajiye wannan a ransa.

Rayuwa ta soma, kuma da daɗinta. Shinkafa da kifi kullum, har Zakiyyu ya fara mafarkin tuwon dawa. Ranar hutu sai su kaɗa miyar kukar Ummuhani, 'yan Bangaladash su leƙo su ga koriyar miya mai yauƙi su ja da baya, daga baya kuma su dawo da kwano. Abin da ya fi burge Zakiyyu shi ne gaisuwar mutanen ƙasar. In dattijo ya tare ka, sai ya tambayi lafiyarka, da iyalinka, da labarin gari, ya sake komowa kan lafiyarka, sannan a kawo gahawa da dabino. Ya ce da Ikrima, "Waɗannan mutanen sun san mutunci, kamar a Zazzau aka raine su."

Amma gonar ita ce ta ɗaure masa kai. Babu fadama, babu fangali, babu injin ban-ruwa mai ƙara. Wasu dogayen rumfuna ne na leda, a rufe ruf, da manyan fankoki suna juyawa, ciki da sanyi kamar safiya. Tumatirin ma ba a ƙasa yake ba. An jera wasu dogayen buhuna cike da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, a cikinsu aka dasa shi, kowane tushe an ɗaura masa zare zai bi ya hau sama. Ga wani siririn tiyo kamar tsinke a gindin kowanne, yana ɗiga ruwa ɗis, ɗis, sai kuma ya tsaya.

Ja'afar ya tsayar da su a bakin rumfa ya ce, "Kowannenku zai riƙe rumfa ɗaya. Ku ɗaure, ku fige reshen da bai kamata ba, ku duba ƙwari. In an zo tsinkar farko mai gona zai zo da kansa. Wanda rumfarsa ta yi kyau, za a ba shi kwantiragi na shekaru. Wanda tasa ba ta yi ba, sai tikitin komawa gida. Haka tsarinsa yake da kowa."

Zakiyyu ya yi murmushi ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne."

Ja'afar ya ce, "Abu ɗaya kuma, Malam Zakiyyu. Ban-ruwa ba aikinku ba ne, na'ura ce take yi. Kada ku ƙara ko cokali ɗaya. Dalili kuwa shi ne, ruwan ƙasar nan..."

Hannun nan na Zakiyyu ya tashi sama. "Ja'afar, dakata. Tun kana goye nake ba tumatir ruwa. Nuna mini inda kayan aiki suke kawai."

Ja'afar yaro ne mai kunya, an raine shi da girmama na gaba. Ya haɗiye sauran maganarsa ya nuna masa ɗakin kayan aiki.

Shi kuwa Ikrima, tun da bai san komai ba a tumatir, sai ya zama kamar jela a bayan Ja'afar. Me ya sa ake cire wannan reshe a bar wancan? Me ya sa ake girgiza zaren da safe? Wannan tankin na mene ne? Ya tambayi Ja'afar, ya tambayi 'yan Masar da hannu da ido, har ya fara tsintar Larabci yana kwaɓawa ana yi masa dariya, shi ma yana yi. Zakiyyu ya ja shi gefe ya ce, "Kai Ikrima, kana zubar mana da mutunci. Za su ɗauka ƙauyawa aka kawo musu."

Ikrima ya ce, "Yaya Zakiyyu, ai ƙauyawan ne. Ni dai ban sani ba, kuma so nake in zauna."

A makonnin farko rumfar Zakiyyu ta fi ta kowa kyau, wannan gaskiya ce. Hannunsa ya san tumatir. Yana figar reshe kamar walƙiya, yana hango tsutsa tun daga nesa. Shukar ta miƙe kore shar, ta wuce ƙugu, ta kai kafaɗa, ta fara fure. Ma'aikata suna leƙowa suna ɗaga masa babban yatsa. Kullum sai ya turo mana hoto, Ummuhani ta zaga da wayar gida-gida.

Abu ɗaya ne yake cin ransa. A gida, in manomi yana so ya san ko shuka tana jin ƙishirwa, yatsa yake sawa a ƙasa. In ya ji ta bushe, sai ya ta da inji ya buɗe fangali, ruwa ya kwanta har ya ga fuskarsa a ciki. Haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi. To, kullum da rana Zakiyyu sai ya taɓa saman buhun nan ya ji shi a bushe ƙayau. Ya dubi tiyon nan mai ɗis, ɗis, ransa ya ɓaci. Ya ce a ransa, wannan ai rowa ce. Shuka ta fara fure, lokacin da ta fi bukatar ruwa, a ce ana ba ta kamar maganin ido? Lalle yaron nan da na'urarsa za su kashe mini tumatir, a ce ni ne ban iya ba.

Ɗakinsa da na Ja'afar bango ɗaya ne ya raba su. Tare suke cin abinci, sahu ɗaya suke yin salla. Amma ya buɗe baki ya ce, "Ja'afar, me ya sa saman buhun yake bushewa?" Ina! Wannan ya fi ƙarfin bawana.

A bayan rumfarsa akwai layin bishiyoyin dabino, da wani famfo mai ƙatuwar mesa wadda ake ba su ruwa da ita kai tsaye daga rijiya. Wata rana lokacin hutun tsakar rana, kowa ya shige ɗaki saboda zafi, Zakiyyu ya je ya buɗe famfon. Ruwa ya fito da ƙarfi, fari tas. Ya tara hannu ya kurɓa, ya ji ɗan zartsi, wato ɗanɗanon gishiri-gishiri. Ya ɗaga kai ya dubi dabinon nan, ga su nan ƙosassu, ganye shar. Ya ce, "In dai waɗannan suna sha suna ƙiba, tumatir ma zai sha." Ya ja mesa ya shiga rumfa, ya bi buhunan nan ɗaya bayan ɗaya ya shayar da su har suna tsiyaya. Ya naɗe mesa ya mayar inda take. Ya ce a ranar ne ya fara jin shi manomi ne tun da ya zo ƙasar.

Daga nan abin ya zame masa al'ada. Kowa na ƙailula, shi yana ban-ruwa. Bai gaya wa kowa ba, ba don yana ganin laifi yake yi ba. So yake ranar da mai gona zai zo ya ga tumatir kamar dunƙulen hannu, sannan ya bayyana sirrin a gaban kowa, a san wane ne gwani.

Wata rana suna cin abinci Ikrima ya ce, "Yaya Zakiyyu, ka san abin mamakin da na gano yau? Ashe babban tankin nan tace ruwa yake yi. Ja'afar ya ce ruwan rijiyar nan..."

Zakiyyu ya ce, "Kai mai rake, ci abincinka. Yaushe ka zo duniyar tumatir da za ka ba ni labari?"

Ba a daɗe ba shukar ta fara sauyawa. Da rana sai ganye ya yi yaushi, ya sunkuya. Zakiyyu ya gani ya ce, "Ka gani ko! Ƙishirwa ce. Da ma na faɗa." Sai ya ƙara ruwa. Gefen ganye ya fara ƙonewa kamar an bi shi da wuta. Ya ƙara ruwa. Fure ya fara zuba, 'ya'yan da suka fito gindinsu ya yi baƙi. Ya ƙara ruwa, har yana hana kansa hutu gaba ɗaya, gumi na zuba, yana jan mesa yana yi wa na'ura Allah ya isa.

Ja'afar ya lura, hankalinsa ya tashi. Ya auna ruwan da yake tsiyaya daga buhunan ya ga gishiri ya yi yawa. Ya duba tanki, lafiya lau. Ya kwance bututu, ya sauya matata, ya wanke buhunan da ruwa mai kyau. Shuka ta ɗan farfaɗo, sai kuma ta sake komawa. Sauran rumfuna duk lafiya, wannan kaɗai. Yaron nan har ya rame. Ya zo ya ce, "Malam Zakiyyu, don Allah ko ka ga wani abu da ban gani ba?"

Zakiyyu ya ce, "Na'urarka za ka tambaya. Ni ka bar ni da rumfata, ina iya ƙoƙarina."

A lokacin hotuna sun daina zuwa mana. Na kira shi na ce, "Bawana, ina tumatirin? Ko Larabawa sun cinye?" Ya ce, "Mero, mutanen nan sun kusa yi mini ɓarna, amma ina riƙe da abin. Jira ki ji labari ranar da mai gona zai zo. Ranar za a san ni." Yadda ya faɗa da ƙarfin gwiwa, ni ma sai na shiga ɗoki, na je na gaya wa gwaggo ta ƙara addu'a.

Ranar ta zo. Mai gonar dattijo ne mai farin gemu da 'yar sanda, mai fara'a. Ya gaisa da kowa hannu da hannu. Aka fara da rumfar Ikrima. Tabarkalla! Shuka ta wuce tsayin mutum, tumatir ya yi nonna-nonna, ja da kore, kamar an jera da hannu. Dattijo ya tsinki ɗaya ya goge a rigarsa ya gatsa, ya yi ta faɗin masha Allah, ya dafa kafaɗar Ikrima. Ikrima ya amsa masa da guntun Larabcinsa, kowa ya fashe da dariya, ma'aikata suka yi tafi.

Aka shiga rumfar Zakiyyu. Dariya ta ɗauke. Layi bayan layi, ganye ya ƙone ya rataye a jikin zare, 'ya'yan ƙanana masu baƙin gindi. Dattijo ya yi tafiya a hankali har ƙarshen rumfa ya dawo. Ya tambayi Ja'afar da Larabci me ya faru. Ja'afar ya sunkuyar da kai ya ce ya duba komai bai gano ba, kuma in laifi ne, nasa ne, tun da shi ne mai kula da ruwa.

Nan fa Zakiyyu ya gyara tsayuwa, ya matso gaba. Ya ce, "Ja'afar, fassara masa. Ka gaya masa na'urar nan ba ta ba shuka ruwan da zai ishe ta. Ka gaya masa da ba don ni ba, da ko ganye ɗaya ba zai tarar ba. Kullum da rana, kowa na barci, ni nake jan mesar dabinon can ina shayar da su da hannuna."

Ja'afar ya ɗago kai a hankali. "Wace mesa?"

"Ta bayan rumfa mana. Fassara masa!"

Ikrima ya dafe kai da hannu biyu ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ja'afar ya juya ya dubi dattijo. Bai so ya fassara ba, don ya san abin da zai biyo baya. Amma dattijo yana jira, Zakiyyu kuma yana ta zungurinsa. Ya fassara. Dattijo ya dubi Zakiyyu, ba faɗa, ba tsawa. Sannan ya yi magana a taƙaice, Ja'afar ya mayar da Hausa.

"Ya ce ya ga alamar kai ma'aikaci ne, ba rago ba. Ya ce ba zai ci ka tarar komai ba. Amma ya ce an hana ka, ka yi, kuma ba ka tambayi kowa ba. Ya ce asarar rumfa ɗaya zai iya ɗauka, amma ba zai iya damƙa gonarsa ga mutumin da ba ya tambaya ba."

Ikrima ya durƙusa ya yi roƙo, Ja'afar ma ya sa baki. Dattijo ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce tsari ɗaya ne ga kowa.

Ranar da Zakiyyu zai koma gida, da safe, motar da za ta kai shi filin jirgi tana tsaye a bakin ƙofa. Zakiyyu ya ajiye jakarsa ya nufi rumfa. Ma'aikata suna tumɓuke matattun shukokin suna lodawa a baro. Ja'afar yana wurin. Zakiyyu ya matsa kusa da shi. Da ƙyar ya fito da maganar.

"Ja'afar, don Allah ina da tambaya. Me ya sa ruwan ya kashe su, alhali dabino yana sha?"

Ja'afar ya ce, "Teku ta shiga rijiyoyin yankin nan, Malam Zakiyyu. Dabino yana jure gishiri, tumatir ba ya jurewa. Shi ya sa ake tace ruwan kafin a ba shi. A fadamarku ƙasa tana da zurfi, damina kuma tana wanke ta. A nan buhu ne, duk gishirin da ya shiga a nan yake taruwa. In ya taru, saiwa ba ta iya shan ruwa ko tana cikinsa tsundum, sai shuka ta yi yaushi kamar mai ƙishirwa."

Ya ja shi zuwa rumfar da take kusa, ya tura hannu can cikin wani buhu mai busasshen sama, ya damƙo ɓawon kwakwar ya matse. Ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunsa.

Zakiyyu manomi ne, nan take ya gane komai. Ya ce, "Ashe duk ruwan da nake ƙarawa, ƙishirwa nake ƙara musu."

"Haka ne."

"Shi ke nan bayanin?"

"Shi ke nan."

Direba ya danna hon. Zakiyyu ya juya ya share ido da hannun riga, ya kama hannun Ja'afar ya ce ya yafe masa wahalar da ya ba shi. Ikrima ya raka shi har mota yana kuka wiwi.

Zakiyyu ya iso Likoro ana tsakiyar noman rani, injuna suna ta ƙara a fadama, motoci suna lodin kwanduna. Babu guɗa. Ni kuwa na shirya masa tsiya cike da baki, na ɗaura mayafi na nufi gidan gwaggo. Na same shi zaune a kan tabarma a tsakar gida, ya rame, Ummuhani ta ajiye masa tuwon dawan da yake ta marmari amma bai taɓa ba. Ina ganin fuskarsa tsiyar ta gudu. Wallahi tausayi ne ya kama ni, har na ji ƙwalla. Na zauna na ce, "Sannu da hanya, Zakiyyu."

Ya ɗago kai ya dube ni. Can ya ce, "Mero, kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba dawowar ba ce. Bayanin da zai cece ni bai kai tsawon gaisuwar safe ba, kuma mai bayanin yana kwana a bayan bangona."

Ikrima yana can har yanzu, an ba shi kwantiraginsa, yanzu ma shi yake karɓar sababbin ma'aikata ya nuna musu aiki. Zakiyyu ya koma fadama tare da Musa. Ya sauya, ba na musu, yanzu yakan tsaya ya ji maganar mutum har ƙarshe. Amma attajirin Ikara ya sake zuwa neman mutane, kuma ba a kira sunansa ba.

Darasin da yake cikin labarin nan a fili yake. Ƙwarewar da ka samu a gida gaskiya ce, amma a kan ƙasar gida da ruwan gida ka same ta. In Allah ya kai ka wata ƙasa neman halali, ko wani sabon wurin aiki, ka shiga da ƙwazonka, amma ka ajiye girman kai a bakin ƙofa. In an hana ka abu, ka nemi dalili kafin ka karya dokar. In ba ka gane ba, ka tambaya, ko wanda zai amsa maka ƙanenka ne. Zakiyyu bai rasa aikinsa don lalaci ba, bai kuma rasa shi don rashin iyawa ba. Ya rasa shi ne don ya ƙi buɗe baki a lokacin da tambaya take da amfani.